Kawunan giladiyolas da suka ruɓe a bokiti: bin sawun asarar hunturu ɗaya

A tsakiyar watan Janairu ƙanwata ta kira ni da yamma, muryarta a sanyaye. Ta ce, "Yaya, kawunan furannin nan da na haƙe na ajiye, yau na buɗe bokitin sai wani wari ya doke ni. Don Allah ka zo ka duba, ban san ko akwai na tsira a ciki ba." Furannin da take nufi giladiyolas ne, kuma wannan ce shekararta ta farko da shuka su a ɗan lambun bayan gidanta, a wurin da hunturu ke daskarar da ƙasa ta yi tauri kamar dutse. Kai 40 ta shuka, wato dunƙulen gindinsu da ake binnewa a ƙasa, suka yi mata fure gwanin sha'awa. Ni ne na ce mata ta haƙe su kafin sanyi ya kankama, ta shanya, ta ajiye. Ban faɗa mata tsawon shanyar ba, ban kuma faɗa mata a cikin me za ta ajiye ba. Don haka tun a waya na san ina da hannu a wannan asara.

Ƙanwata ba mai ganganci ba ce. Ta shuka su a inda rana ke samunsu wuni guda, a ƙasar da ruwa ba ya kwanciya, zurfin santimita 12 zuwa 15, ta bar kusan taƙi guda tsakanin kowane biyu. Ta ma raba shukar kashi uku, mako biyu tsakani, don kada furen ya zo mata lokaci ɗaya ya wuce lokaci ɗaya. Duk wannan daidai ne. Abin da ya ɓace ya ɓace ne a 'yan kwanakin da ke tsakanin fitowar kawunan daga ƙasa da shigarsu ma'ajiya.

Sai an san abin da ake ajiyewa kafin a gane abin da ya faru a bokitin. Giladiyolas tsiro ne mai dogayen ganye masu tsini, sunansa ma daga kalmar Latin ta takobi ya fito. Yana fitar da kara ɗaya da kan kai mita guda ko fiye, furanni jere a jikinsa, suna buɗewa daga ƙasa zuwa sama. A gindinsa cikin ƙasa akwai dunƙulen da nake kira kai, yadda ake cewa kan albasa, ko da yake ginin nasu ya bambanta. In ka yanka albasa, ɓawo kan ɓawo za ka gani. Kan giladiyolas kuwa nama ɗaya ne curarre, gindin kara ne da ya kumbura ya tara abinci, sai busasshiyar riga mai zare-zare da ta lulluɓe shi. Kuma kan da ka shuka ba shi za ka haƙo ba. Tsiron yana tsotse shi tas, ya motse ya mutu, sabo ya ginu a samansa. Uwa a ƙasa, 'ya a bisa, ga ƙananan jikoki zagaye da gindin, wasu kamar ƙwayar wake, wasu ba su kai ba.

Nau'o'in giladiyolas na daji sun haura 250, kuma mafi yawansu a kudancin Afirka suke. Manyan da ake shukawa a lambuna yau sun fito ne daga haɗa irin nau'o'in Afirka da masu renon furanni suka yi a Turai a ƙarni na 19. Ɗaya daga cikin fitattun na farko an fitar da shi kasuwa a birnin Gent na Beljiyam a 1841. Kakannin nasu damina mai ɗumi suka sani, sannan dogon rani da suke barci a busasshiyar ƙasa. Ba su gaji ƙanƙara ba, ba su kuma gaji kwanciya cikin danshi suna barci ba. Wanda ya haƙe kawunan ya ajiye, ranin nan yake ƙoƙarin mayar musu. Shi ya sa a inda ƙasa ba ta daskarewa ake iya barinsu a cikinta, muddin ba za ta jiƙe ta daɗe a jiƙe ba. Bokitin ƙanwata ya kare su daga ƙanƙara, amma rani bai ba su ba.

Mun shimfiɗa tsofaffin jaridu a tebur muka juye shi. Bokitin roba ne mai murfi, irin mai kamawa gam, kuma a cikin murfin ga ɗigon ruwa rataye kamar na murfin tukunya. Ruwan nan ba daga waje ya shiga ba. Kawunan abu ne mai rai, suna numfashi suna fitar da danshi, sun yi wata uku suna yin haka a wurin da iska ba ta da mafita. Na ƙasan sun manne da juna, fumfuna mai launin shuɗi da kore ta ɗinke su wuri ɗaya. Na ɗauki ɗaya na danna da babban yatsa, yatsan ya nutse.

Muka fara warewa. Masu laushi da fumfuna ba su buƙaci dogon nazari ba, sai dai na lura da abu guda: kusan kowannensu yana da rauni, ko sarar shebur ko wani ƙwarzane, kuma daga bakin raunin ruɓar ta faro. Haka fumfunar da ake kira Penicillium take yi, ta rauni take shiga, danshi kuma shi ne abokin tafiyarta.

Kashi na biyu ya fi ba ni tsoro, domin a ido lafiyarsu ƙalau. Rigarsu a bushe, babu wari. Amma in ka ɗauka sai ka ji ba su da nauyi, in ka juya gindin sai ka ga tabo mai duhu ya lotsa. Na sa wuƙa na raba ɗaya biyu daga sama zuwa ƙasa na nuna mata. Lafiyayyen kai cikinsa fari ne ko ruwan madara, da tauri, duk jikinsa launi ɗaya. Wannan kuwa wani launin ƙasa-ƙasa ya taso daga gindi ya bi tsakiya yana hawa, ya bazu gefe da gefe. Kamannin ruɓar fusariyum ke nan, cutar da tushenta ke cikin ƙasa, take kama tsiron tun yana lambu, ta biyo kan zuwa ma'ajiya ta ci gaba da cinsa. Na tambaye ta ko akwai waɗanda ganyensu ya yi rawaya tun sauran suna kore shar. Ta yi shiru, sannan ta ce akwai uku ko huɗu a ƙarshen layi, ta ɗauka sun riga sauran nuna ne, ta haƙe su ta haɗa da sauran. Irin waɗannan ba a ajiye su ko kwana ɗaya. Tun a lambu ake tumɓuke su da ƙasar da ke jikinsu a fitar.

Kashi na uku sai da na ɓare rigar na ga matsalarsu. Jikin kan yana danƙo, kamar an shafa masa wani abu, wasu wuraren sun yi kaushi sun koma ruwan toka. Na karkaɗe ɓawon a kan farar takarda, muka sunkuya muna kallo, sai ga wasu 'yan ɗigo suna motsi. Manyan baƙaƙe ne sirara, tsawonsu bai kai milimita 2 ba, ƙananan kuma rawaya-rawaya. Ƙwarin tirif ne na giladiyolas, masana na kiransu Thrips simplex. Suna kankare fatar tsiro su tsotse ruwan, kuma a inda hunturu ke da tsanani ba sa iya wuce shi a fili, sai dai a ƙarƙashin rigar kawunan da aka ajiye. Wato mai lambu da hannunsa yake ɗauko su ya tsallakar da su zuwa baɗi. Da na kwatanta mata alamarsu a lambu, ganye ya yi zane-zane fari kamar azurfa, furen ya fito da tabo, wasu tohon furen su bushe ba su buɗe ba, sai ta ce, "Wallahi Yaya, haka kashi na ƙarshe da na shuka ya yi. Na ɗauka ƙishirwa ce, na yi ta ƙara musu ruwa."

Da muka gama, kai 14 ne suka rage masu tauri da nauyi, kuma yawancinsu ƙanana ne, ba su kai girman waɗanda ta shuka ba.

Ƙanƙantar nan ta sa na koma baya har lokacin fure. Ƙanwata tana yankan furannin ta sa a kwalba cikin ɗaki, kuma don ta sami dogon kara sai ta yanka daga can ƙasa, ganye da komai. Nan ne asarar farko ta faru, ba tare da ta gani ba. Bayan fure ya wuce ne sabon kan yake yin yawancin girmansa, kuma ganyen ne ke dafa masa abinci da hasken rana. A ƙalla ganye huɗu ya kamata a bar wa tsiron. Ana zura wuƙa ne tsakanin ganyayen a yanke karan furen kaɗai, lokacin da fure ɗaya ko biyu na ƙasa suka fara buɗewa. Sauran za su buɗe a cikin ruwa. Tsiron da aka aske ba shi da abin da zai tara, kan da bai ƙoshi ba kuma shi ne farkon faɗuwa a ma'ajiya.

Sai ranar haƙa. A watan Oktoba aka yi sanarwar cewa sanyi mai daskarar da raɓa yana tafe, bayan an kwana uku ana ruwa. Ta tsorata ta fita da shebur ta haƙe su duka a yammaci ɗaya, ƙasa jagab. Inda shebur ya ƙi, ta kama ganye ta fizgo. Da ta ga sun yi kaca-kaca da laka, ta sa tiyo ta wanke su fes. Tsoron nata yana da dalili, amma ya wuce kima. Sanyin farko mai sauƙi ganye yake ƙonawa, ba ya isa ga kan da ke santimita 12 a ƙarƙashin ƙasa. Abin gudu shi ne daskarewar ƙasar kanta, kuma wannan yakan zo daga baya. Tana da sararin jiran kwana biyu ko uku ƙasa ta sha iska.

Maganar wanki akwai saɓani a kanta tsakanin masu shuka. Wasu suna wankewa don su ga lafiyar kan da kyau, kuma ba sa asara, domin suna da wurin shanya mai ɗumi da iska. Ni dai ba na wankewa, kuma ba na ba mai farawa shawarar ya wanke. Rigar kan tana riƙe ruwa a tsakanin zarenta fiye da yadda hannu ke ji. In an haƙa a busasshiyar rana, ƙasar da ta manne za ta zube da kanta bayan 'yan kwanaki.

Daga nan muka zo kan ainihin wurin. Na ce, kwana nawa kika shanya? Ta ce biyu. Ta baza su a daɓen ɗakin ajiya, rana ta uku ta taɓa ta ji rigar tana ƙaras-ƙaras, ta ce sun bushe, ta kwashe ta zuba a bokiti ta rufe don kada ɓera ya shiga. Bushewar riga daban, bushewar kai daban. Shanyar nan mako biyu zuwa uku take ɗauka, a wuri mai ɗumi, wajen digiri 25 a ma'aunin salshiyas ko sama da haka kaɗan, cikin inuwa, iska na ratsawa, kawunan a baje ba a tsibe ba. Kuma ba fitar da ruwa kaɗai ake nema ba. A cikin waɗannan makonnin kan yana warkar da raunukansa, yana yi musu wata fata mai tauri da ke toshe wa fumfuna hanya. A tsakanin uwa da 'ya ma irin wannan fatar ce ke ginuwa, ita ce ke raba su. Shi ya sa kan da kansa yake faɗa maka ya gama shanyuwa: ka sa babban yatsa ka tura tsohon kan da ya motse a gindi, in lokaci ya yi sai ya ɓalle cikin sauƙi ya bar tabo mai santsi, busasshe. In ya ƙi, ko ya yago nama, a mayar a ƙara kwanaki. A bokitin ƙanwata kowane kai yana ɗauke da gawar uwarsa a gindi, jiƙaƙƙiya, da saiwoyi da guntun kara mai tsawon yatsa. Mataccen nama mai danshi manne da mai rai, wata uku, cikin duhu.

Na yi imani da a ce shanyar nan ta cika, da yawancin masu sarar shebur sun warke, da kuma masu fusariyum sun tona kansu a lokacin cire uwa, domin a nan ne mutum ke juya kowane kai ya kalli gindinsa. Mataki ɗaya ne, amma shi ne kaɗai lokacin da kowane kai ke bi ta hannun mai shi ɗaya bayan ɗaya.

Wurin ajiyar ya ƙarasa abin da ya rage. Ta sa bokitin a kabad kusa da na'urar ɗumama gida, don a ganinta sanyi ne abokin gaba. Na ajiye ma'aunin zafi a wurin, kafin mu gama magana ya nuna digiri 17. Kawunan giladiyolas tsakanin digiri 2 zuwa 7 suke so, sanyi sosai amma ba mai daskarwa ba. A irin wannan sanyin fumfuna tana lafawa, kan yana barci mai nauyi, ƙwarin tirif kuma ba sa hayayyafa. In an riƙe su a ƙasa-ƙasan wannan ma'auni na tsawon makonni, mutuwa suke yi. A digiri 17 kuwa gida aka gina musu da abinci a ciki.

Abin da muka yi a daren ba shi da yawa. Duk ruɓaɓɓun da masu tabo a gindi muka ƙulle a leda muka kai shara. Na hana ta zuba su a tarin taki, domin fusariyum yana shekaru a cikin ƙasa yana jira. Masu danƙon ma muka zubar, ban da biyu da ɓarnar ba ta yi nisa ba, su kuma muka ware su daban. Guda 14 ɗin muka cire musu uwa da guntun kara, muka ɓare rigar don mu tabbatar babu ƙwari. A ƙa'ida ba a ɓare ta, tana hana kan motsewa, amma a wannan halin sanin abin da ke ƙarƙashinta ya fi. Muka baza su a kan ragar waya a ɗaki mai ɗumi na mako guda, fanka na kaɗawa a hankali, sannan muka zuba su a jakunkunan takarda da muka huhhuda, kaɗan-kaɗan a kowace. Ta sami wani lungu a ɗakin ajiyar da ba a ɗumamawa, jikin bangon gida, inda ma'aunin ke tsayawa wajen digiri 5, muka rataye su a can, inda ɓera ba zai kai ba. Ta tambaye ni ko ta sayo hodar kashe fumfuna ta barbaɗa. Na ce in tana so ta yi, ta bi abin da aka rubuta a jikin kwalin, amma hoda ba ta tayar da kan da ya riga ya kamu, ba ta kuma maye gurbin iska.

A gindin bokitin na ga jikokin nan birjik, kuma da yawansu lafiya lau, don ɓawonsu yana da tauri ƙwarai. Ta so ta share su da jaridar. Na ce ta tsince masu tauri ta sa a ambulan. In aka jiƙa su kwana ɗaya kafin shuka, aka jera su a layi ba da zurfi ba, za su fito kamar ciyawa, su yi ɗan kai a shekarar farko, su kai ga fure a ta biyu ko ta uku, launinsu sak na uwarsu. Akwai masu cewa duk wannan wahala ce, a sayi sababbi kowace shekara a huta. Ban ga laifinsu ba. Amma akwai wani ja mai duhu a cikin nata da take ƙauna, wanda ba ta san sunansa ba balle ta sake nemansa, kuma ta hanyar kawunan nan da jikokinsu kaɗai zai zauna a hannunta.

A watan Mayu, da ƙasa ta yi ɗumi, ta shuka su a wani gefen lambun, nesa da inda masu rawayan nan suka tsaya bara. Tsohon wurin na ce ta hutar da shi daga giladiyolas na shekara uku ko huɗu. Biyu ba su fito ba. Sauran sun fito, karansu bai kai na bara tsawo ba, wasu ma ganye kawai suka yi, abin da ba mamaki ga kan da ya sha wuya. Ta riƙa buɗa tsakanin ganye tana dubawa kowane mako, kuma ba ta ga zanen azurfar nan ba. Wannan karon ta bar wa kowane tsiro ganyensa.

Na je ranar haƙa ta biyu. Mako shida ke nan da wucewar furen ƙarshe, ganye ya fara rawaya daga tsini, an kwana huɗu ba ruwa. Ta kafa abin haƙa mai yatsu taƙi guda nesa da gindi, ta danna ta ɗaga ƙasar gaba ɗaya, sannan ta sa hannu ta zaro. Ta yanke kara ta bar kamar santimita 2, ta karkaɗe ƙasar da yatsu, ta jera su a ragar waya, kowane launi da 'yar takardarsa. Bayan kwana 18 ta aiko mini da hoto: tsohon kai a tafin hannunta, baƙi, a motse kamar busasshen ɓaure, gefensa kuma sabon a kife, tabon gindinsa fari tas. Ta rubuta, "Yaya, da kansa ya fita."

Tun daga nan take sauke jakunkunan sau ɗaya a wata, ta juye a tebur, ta danna kowane kai da yatsa, ta sansana, ta mayar. A duban Janairu ta sami ɗaya da ya fara laushi a gefe, ta cire shi. Sauran suna nan da taurinsu, jan nan mai duhu guda uku ne a ciki, ambulan ɗin jikokinsa kuma yana rataye a ƙusa ɗaya da su.